Ruwa a Murfin Bido

Akwai maganar da ke yawo a gidan nan, na ji ta a bakin ɗaya daga cikinku ranar sunan da aka yi bayan salla, wai wani Buzu ya taɓa yi wa babanku asiri, ni kuma na gane, na kore shi, na ceci ɗana. Ni na haifi wannan magana da bakina, don haka ni zan binne ta kafin a binne ni. Ban yi lakkwal ba, ban iya rubutun boko ba, gwaggonku Hadiza ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata kada ta yi mini ado, domin za ta karanta mini in ji. Mutumin sunansa Agali. Ku riƙe sunan.

Ni mutuniyar Mirya ce, ƙasar Damagaram. A can in mutum ya yi sallama ka san ubansa, ka san kakansa, ka san gonarsu. Kakanku ya kawo ni Arlit ina da goyo, na tarar da gari wanda ba wanda ya san asalin wani. Na Tawa, na Maraɗi, Abzinawa, Fulani, Barebari, kowa aikin haƙar ƙarfe ya kawo shi, kowa kuma da abin da ya baro a baya bai faɗa ba. A irin wannan gari mace ba ta da dangi sai idonta. Na yi shekaru ina sayar da abinci a bakin tasha, kuma tun kafin mutum ya zauna na san ko yunwa ta kawo shi ko wani abu. Idon nan ya tsare mini 'ya'ya daga abubuwa da yawa. Ban taɓa tunanin akwai ranar da zai nuna mini komai daidai, in kuma karanta shi a juye ba.

Babanku Haruna direba ne tun yana saurayi. Motar ma'aikata yake ja, ya kai su bakin rami a Akokan ya dawo da su, albashi na zuwa, Zuwaira mamanku na cikin rufin asiri. Da aka rufe ramin sai motoci suka tsaya. Ya zauna wata da watanni, daga baya wani ɗan kasuwa ya ba shi kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗaukar kaya zuwa arewa wajen iyaka, fasinjoji a saman kayan. Ban so ba, na kuma faɗa. A wata tafiya cikin tsakiyar bazara iska ta taso ta shafe sawun motoci, ya saki hanya bai sani ba, inji kuma ya mutu a inda ba itace ba rijiya. Kwana biyar suka yi kafin a gan su. Ba duka suka dawo da rai ba. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan, domin ba a gaya wa uwa sauran.

Ranar da aka kawo shi gida ya cika da masu barka. Na yi abin da ake yi a garinmu in matafiyi ya sauka: na wanke babban kwanon sha, na cika shi taf da ruwan randa mai sanyi, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya dubi kwanon. Ya juya fuska bango. Na ce gajiya ce. Amma kwanaki suka wuce abin na ƙaruwa. Mutum yana cikin gida mai pampo leɓɓansa na tsagewa. In an ba shi ruwa ya ce ya sha, alhali na tsaya a kansa tun safe ban ga ya sha ba; sai dai ɗan ruwan da ke cikin kunu ko miya. Sau goma a yini zai buɗe randa ya leƙa ya rufe. Ya ɗaure bakin pampo da tsumma. Na gan shi da idona yana taimama ga buta cike a gefensa. In Zuwaira za ta yi wa yara wanka sai ya fice. In wata mota ta yi tari a kan titi ta mutu, sai ya daskare a inda yake, ana kira ba ya ji. Wata la'asar na ɗauki bokiti ina yayyafa wa tsakar gida ruwa kamar yadda na saba, sai kawai ya diro daga ɗaki ya fizge bokitin.

“Wa ya ba ki izini? Wa ya ce ki taɓa?”

Ni. Uwarsa. A gaban matarsa. Yana gama faɗa ya dubi bokitin ya dube ni kamar bai san yadda aka yi ya zo wurin ba, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Muka yi abin da muka sani. An yi hayaƙi, an yi saukar Alƙur'ani, na karɓo rubutu wurin malam, amma rubutu sha ake yi, ya ƙi ko kallon kwanon. Maƙwabciyata Tambara, 'yar Tawa ce, ba ta rasa bayani a kan komai, ta ce mutanen daji ne suka biyo shi.

Ana cikin haka wata hantsi aka yi sallama. Wani dogon tsoho siriri, rawani ya rufe masa baki, da ɗan bido, wato jarkar ruwa, a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen buhu da jakar kayan shayi. Ya ce direba yake nema. Haruna da ya ƙi fita wa abokansa na yarinta, yana jin muryar ya fito. Da ya ga mutumin sai kawai ya zauna a ƙasa. Tsohon ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa a rumfar ƙofar gida, ya kama shi ya zaunar. Ni ina bayan ƙyauren langa-langa, akwai wata huda da ƙusa ta bari, a nan na sa ido. Tsohon ya kwance murfin bidon, ya tsiyaya ruwa a cikin murfin, ya ɗage rawani ya shanye. Ya sake tsiyayawa ya miƙa wa Haruna. Haruna ya karɓa da hannu biyu ya sha. Can bayan wani lokaci aka sake, tsohon ya sha, Haruna ya sha. Har azahar ba wanda ya ce uffan. Washegari ya dawo. Jibi ya dawo.

Ku sa kanku a matsayina. Ɗan da na shayar ya ƙi ruwa daga hannuna, ga shi yana sha daga hannun baƙon da ban san daga inda ya ɓullo ba. Me ya sa yake zuwa da ruwansa, gidanmu ba pampo ne? Me ya sa a murfi, kamar mai auna magani? Me ya sa yake fara sha? Na san wannan dabara tun a tasha: mai son ka yarda da abin hannunsa shi ke fara ɗanɗanawa, makarinsa kuwa na ƙarƙashin harshe, ga rawani ya rufe. Rana ta huɗu na yafa mayafi na fita.

“Malam, sannu da zuwa. Daga wace unguwa?”

“Daga garka, Hajiya. Akokan.”

“Me ya haɗa ka da ɗana?”

“Hanya.”

“Ruwan gidanmu ba ya shayuwa ne?”

“Yana shayuwa. Ya yi yawa.”

Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, gajera, ba ta raba mace da namiji. Na ɗauki amsar nan a matsayin raini. Na koma ciki na tsare Zuwaira a madafa, na ce ko ita ta kirawo shi.

“Wallahi Inna ban san shi ba. Amma ai yana sha. Ki bar su. Akwai abin da baban Nana ya ɗan faɗa mini…”

“Rufe mini baki. Yaushe aka haife ki da za ki koya mini mutane?”

Ta rufe. Daga ranar ita ma na sa mata ido. Na riƙa lura da lokacin da take fita kasuwa da lokacin da take dawowa, na bincika ƙarƙashin katifarta sau biyu, ban sami komai ba sai katin awon yara. Bayan kamar sati biyu na ga murfin ya koma ƙaramin kofin shayi. Na ce a raina, an ƙara awo. Gaskiya ne leɓɓan Haruna sun fara warkewa, yana ɗan cin tuwo, ran nan har na ji ya yi wa 'yarsa Nana wasa. Duk na gani. Amma na ce haka sammu yake, yana fara gyara mutum kafin ya mallake shi.

Tambara ce ta kawo mini abin da ya ƙarasa ni. Ta shigo tana haki, ko zama ba ta yi ba.

“Hajiya, kin san ko wane na kika bari ƙohwar gidanki? Ɗanai na cikin waɗanda sunka mutu cikin motar Haruna! Iliyas sunanai, magidanci da ɗiya biyu. Tasha duk an sani, ke ɗai ta ba ki sani ba, ke mai ido!”

“Kin tabbata?”

“In ƙarya nike kar in ga gobe. Mutum a kashe mai ɗa shi zo kullum yana shayar da wanda ya kashe shi? Don Allah mi kike gani cikin bidon ga, zuma?”

Washegari na bar su suka zauna. Na bari sai da mutane suka fara wucewa zuwa kasuwa, don ina son shaidu. Sannan na fita na sunkuci bidon. Na ɗan tsiyaya a wata kwalba da na ɓoye a zani, don in kai a duba, saura kuwa na kife shi a ƙasa a gabansu, ruwan na bulbulowa. Abin da na gaya wa tsohon nan ba zan sa Hadiza ta rubuta ba. Na kira shi maye, na kira shi mai ramuwar gayya, na zagi rawaninsa da yarensa da dutsen da ya fito. Ban gama ba na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Haruna ne. Ya faɗa rub da ciki a kan jiƙaƙƙen yashin, yana tattara shi da hannuwa, yana matsewa, yana kiran sunayen mutanen da ban sani ba, yana ce musu su yi haƙuri, su bi layi, kowa zai samu. Magidanci mai 'ya'ya uku, a kan titi, ana kallo. Tsohon ya naɗe tabarmarsa a hankali, ya ɗauki bidonsa, ya dube ni.

“Kwana ashirin ka zubar, Hajiya.”

Ya tafi. Na ce wa jama'a sun ga yadda asirin ya tashi da aka karya shi, da yawa kuma suka gyaɗa kai. Daga nan maganar da kuka ji ta samo asali.

Haruna bai ƙara sa komai a baki ba, ko kunu. Rana ta uku ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar ban-ɗaki, muka kwashe shi zuwa likita, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Majon da ke wurin, wato babban ma'aikacin jinya, dattijo ne mai furfura a gemu, ya kira ni gefe. Kafin ya buɗe baki na zaro kwalbata na ce a auna. Ya buɗe ya sansana, ya ɗaga ta a haske, ya ɗiga a tafin hannu ya lasa.

“Hajiya, ruwa ne. Har ya fi na pamponmu daɗi. Zauna in tambaye ki.”

Ya tambayi yadda abin ya fara, na faɗa masa duka, har da taimama da bokiti. Ya ce ya sha ganin irin wannan, a wurin sojoji, a wurin waɗanda mota ta kife da su, a wurin matan da suka haihu da wuya. Ya ce in mutum ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa, wani lokaci jikinsa na dawowa gida amma hankalinsa ya maƙale a wurin, ya ci gaba da zama da dokar wurin. Ba hauka ba ne, ba kuma taurin kai ba. Rauni ne a inda ido ba ya kaiwa, kuma yana warkewa, sai dai ba a yi masa gaggawa. Ana bin sa kaɗan-kaɗan, tare da wanda mai ciwon ya amince da shi, har ya kai ranar da zai iya faɗin abin da bakinsa. Ya ce akwai likitan da ke zuwa daga Agadas wanda aikinsa ke nan, zai haɗa su. Sannan ya ce, to wa ke sa shi shan ruwa a baya? Zuwaira da ke tsaye a bayana ita ta amsa.

“A hanyar arewa in ruwa ya yi ƙasa, direba ke riƙe bido. Da murfi yake aunawa, kowa murfi ɗaya, shi ne na ƙarshe. Kwana biyar yana auna wa mutane, suna roƙonsa yana hanawa. Shi ya sa ba ya iya sha sai wani ya riga shi, ba ya kuma iya kallon ruwa mai yawa. Abin da na so in gaya miki ke nan, Inna, kika ce in rufe baki.”

Majo ya miƙo mini kwalbata ya koma kan aikinsa. Da ma ya zage ni.

Ban taɓa hawa kabu-kabu ba sai ranar. Na riƙe rigar mai mashin kamar zan yaga ta, yana cewa Hajiya ki sassauta, ba gudu zan yi ba. Garkunan Akokan, lambunan da ake ban ruwa, kore shar a tsakiyar wannan ƙonannen wuri, na yi ta tambaya har aka nuna mini. Na sami tsohon nan, Agali, da fartanya yana buɗe wa fangalin salati ruwa. Ya gan ni, bai daina ba. Na yi sallama ya amsa. Na zo ne da niyyar ba da haƙuri, amma bakina bai saba ba, abin da ya fito daban.

“Haruna yana likita. An ce ruwanka ruwa ne. To amma ka gaya mini tsakaninka da Allah, me kake nema wurin ɗana?”

Ya toshe fangalin da ƙafa, ya jingina da fartanyar. Ya ce yana saurayi yana bin ayarin raƙuma, suka isa rijiya suka tarar ta kafe. Su kaɗan suka kai gida. Ya yi kusan shekara ba ya iya haɗiye ruwa sai da kuka. Wani kawunsa ne ya zauna da shi kullum, da ɗan ludayi, ya sha ya ba shi, har ya dawo cikin mutane. Ya ce a wurinsu wanda daji ya taɓa ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma cika shi da tambaya. Na ce na ji, amma a garin nan akwai masu ciwo da yawa, me ya sa nawa?

“Gaskiyarka, ina neman abu. Shi ya rufe Iliyas da hannunsa. Shi kaɗai ya san wurin. Shi ya ji maganarsa ta ƙarshe. Wanda ba ya shan ruwa ba ya magana, Hajiya. In ya mutu, ɗana ya ɓace sau biyu.”

Ashe idona bai yi ƙarya ba, akwai abin da yake so. Abin da yake so ne ban taɓa kawowa a raina ba, ni da na binne 'ya'ya biyu na kuma san inda kowannensu yake kwance. Na ce ya dawo. Ya girgiza kai, ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka ƙofar nan ba, amma garka ba ta da ƙyaure, in an sallami direba a turo shi.

Haka aka yi. Kullum da safe Zuwaira ke raka shi bakin titi ya hau mota zuwa Akokan. Aka koma murfi daga farko, kwanakin da na zubar sai da aka biya su ɗaya bayan ɗaya. Da fari ko kallon magudanar ruwa ba ya yi, yana zaune ya ba ta baya. Agali ya fara sa shi toshe fangali, tunda tsare ruwa ba ya yi masa wuya. Sai da aka yi watanni sannan ya sa shi buɗewa. In likitan Agadas ya zo, ya je su zauna, ya dawo idanu jajur ya kwanta yini guda. Ba a miƙe abin ya tafi ba. Akwai satin da za ka ce ya warke, sai wata mota ta mutu a ƙofar gida, a koma baya. Ni ma an ba ni nawa aikin. Na daina yayyafin tsakar gida. Na koyi kurɓar ruwa a gabansa in ajiye sauran in tashi, ba tare da na ce sha ba. Mafi wuya shi ne abin da majo ya ce da na koma karɓo magani:

“Hajiya, ki daina kallon maƙogwaronsa. Kowa aka tsare da ido haka sai ya shaƙe.”

Shekara sittin ina kallo, aka ce in kau da kai. Nakan zauna in juya baya ina tsince shinkafar da na riga na tsince, kunnena na can. Ranar da na fara jin ƙarar haɗiya uku a jere ban juya ba. Hawaye na zuba cikin tire, ban juya ba. Zuwaira kuwa na kira ta ɗaki na ce mata na bincika katifarta, ta ce ta sani, ai ban mayar da zanin gadon yadda yake ba.

Sanyi ya shigo ya kusa fita, wata safiya Haruna ya zo ya durƙusa a gabana, ya ce ya gaya wa Baba Agali komai, kuma yana neman izini zai kai shi wurin da ya rufe Iliyas. Nan take tsohuwar zuciyata ta tashi. Shi da uban mamaci, a dajin da ba kowa, bayan ya gama ba shi abin da yake nema? Wa zai ba da shaida? Ko ba wannan, in ya ga wurin ya koma yadda yake fa? Na ce ya ba ni kwana biyu. Na je wurin majo, ya ce likita ya san da maganar, ba shi ya kawo ta ba, Haruna ne da kansa, kuma in dai shi ya nema kada a hana shi, amma ba wanda zai rantse mini a kan yadda zai dawo. Na koma gida da wannan. Na san in na ce a'a ba zai tafi ba, domin bai taɓa tsallake maganata ba. Na kuma san cewa sau ɗaya na bi zargina a kansa, na ga inda ya kai mu. Na kira shi na ce mota biyu za a yi, da mai sanin hanya, a kuma sanar da jandarma. Sannan na ce Allah ya kiyaye, na shige ɗaki don kada ya ga fuskata.

Kwana uku suka yi. Tambara ta shigo sau ba adadi.

“Ke dai kin yi ƙarhin hali. Ni ko akuyata ba ni ba shi ya kai daji.”

“Tambara, in ba ki da abin yi ga daka can.”

La'asar ta rana ta uku motar ta tsaya a ƙofar gida, Haruna ne a kan sitiyari. Ya sauko, ya rame, amma idonsa na kan mutane, ba ya wuce su kamar da. Ya gaishe ni, ya ce yunwa yake ji, ya shige ciki yara suka bi shi. Agali ya sauko ya tsaya a tsakiyar titi, nesa da rumfar. Na taka na same shi. Na ce an samu wurin? Ya ce an samu, sun jera duwatsu, sun yi addu'a. Sannan ya ce, a rana ta huɗu da layi ya zo kan Iliyas, ya karɓi murfin ya miƙa wa direba. Ya ce masa shi tasa ta riga ta ƙare, direba kuwa shi ya san inda aka baro hanya, in ya faɗi kowa ya faɗi. Haruna ya ƙi, Iliyas ya rantse in bai sha ba zai zubar. Ya sha. Kafin faɗuwar rana Iliyas ya cika. Da wannan murfin Haruna ya iya tashi washegari ya ƙona taya, hayaƙinta aka hango aka zo aka kwashe su. Abin da ya toshe masa maƙogwaro ke nan duk watannin nan, bai gaya wa kowa ba, yana ganin ya shanye ran mutum.

“Na gaya masa kyauta ce, ba sata ba. Ni ubansa na sa hannu. Ruwan ɗana na jikin ɗanka, Hajiya. Ka kula da shi.”

Ku biyu na ƙarshe bayan wannan aka haife ku, sai ku san a kan me kuke tsaye. Babanku ya koma aiki, yana jan mota a cikin gari. Bai warke kamar ba a yi ba. In bazara ta tsananta yakan yi shiru na kwanaki. In kun ga haka kada ku tsare shi da ido, kada ku dame shi da me ya faru, ku zauna kusa da shi kawai. 'Ya'yan Iliyas biyu suna Akokan wurin kakarsu, duk abin da ya same su ya same ku.

A tsakiyar titin nan ne bakina ya buɗe a ƙarshe. Na ce, Malam Agali, na zalunce ka a gaban mutane, ka yafe mini. Ya gyara rawaninsa, ya dubi rumfar, ya dube ni.

“Wannan sai na yi tunani.”

Ya hau mota aka mayar da shi garka. Bayan damina biyu ya rasu. Bai aiko mini da amsa ba.